A Ɗan Buɗe Wuyan

Sau uku mahaifiyata ta aiko min cewa ba ta da lafiya, sau ukun kuma na ɗauki saƙon na kai wa tela. Har yau in na tuna sai in ji kamar in kwaɗa wa kaina mari, don ba wata jahila aka yi wa aiken nan ba. Ni ce fa, Fatimatuzzahra mai digiri biyu, wadda ta shekara shida tana leƙen wuyan mutane a madubin likita.

Aikin nawa ba shi da wahalar bayani. A gaban wuyan kowane mutum akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira tayirod. In ta kumbura, shi ne maƙoƙon da kowa ya sani. Yawancin kumburin ba ya kisa, amma wani sankara ce ke ɓoye a cikinsa, kuma duk abin da ake nema shi ne a rarrabe su da wuri. A ɗakin gwajinmu da ke Titin Bauchi a Jos, ni da ogata Dakta Foluke muna haɗa wani rini. Asibiti su zuƙo 'yan ƙwayoyi daga wuyan mara lafiya da siririyar allura su yi nasu awon, ragowar su aiko mana a kan ɗan gilashi in mai shi ya yarda. Mu ɗiga rinin, mu kashe fitila, mu haska shuɗin haske. Lafiyayyun ƙwayoyi su yi lamo cikin duhu, masu cutar kuwa su kama da wani koren haske. Har yanzu gwaji ne, ba a fara duba marasa lafiya da shi ba, amma da kun ji ni ina bayaninsa a wancan lokacin, ku rantse ni na ƙirƙiro wuya.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, Inna kuma irin matan zamanin da ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ina da shekara biyu aka kai ni wurin kakata a unguwar Gangare, a can na girma, gidanmu na bayan kasuwar Katako kuwa sai dai in je gaisuwa. In na shiga, Inna ta gyara hijabi ta kau da kai, ta amsa gaisuwata tana kallon tabarma. In tana son a ba ni abinci, sai ta ce wa ƙanwarta Goggo Ladi, wadda ke zaune da ita tun rasuwar Baba, “A zuba wa baƙuwar nan.” Ƙanina Mahdi kuwa, sunansa a bakinta yake kamar goro, ko yana can Lafiya wurin aikinsa sai ta ambace shi sau goma kafin azahar.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, Inna ba mara murya ba ce. Ita ce mai guɗar unguwar. In ta rangaɗa guɗa a gidan biki, masu yankan katako sukan ce har cikin ƙarar injinsu suna jin ta. Babu yarinyar da aka aurar a layinmu da Inna ba ta yi wa guɗa ba, sai ni. Ranar da aka kai ni gidan miji, ɗaki ta shige ta ja labule. Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce, amma ya yi min ciwo, kuma na rama ta hanyar da na iya. Tunda ba ta kallona, ni ma na daina kallonta. In gaisa, in ajiye abin da na kawo, in duba agogo, in tafi.

Hulɗa ɗaya ce tsakaninmu da ba ta fashi, wato ɗinkin ƙaramar Sallah. Kowane azumi nakan sayo mata atamfa, ita kuma ta ba Goggo Ladi tsohuwar rigarta a ƙulle cikin leda, a ba ni in kai wa Malam Datti ya gwada da ita. Malam Datti tsohon abokin Baba ne, shagonsa na wani lungu a bayan kasuwar Terminus, kuma shekara talatin yana ɗinka wa Inna kaya bai taɓa ɗora mata tef ba.

A shekarar farko Goggo Ladi ta miƙo min ledar ta ce, “Ta ce ki gaya masa a ɗan buɗe wuyan.” Inna na zaune a gefe tana tsince shinkafa, na lura hannunta ya tsaya. Na ce to. Har na zolaye ta, “Inna an fara yayin 'yan mata ke nan.” Babu wanda ya yi dariya, ni kuma ban damu ba, don hankalina na kan wani taro da za mu je a Ibadan.

A shekara ta biyu saƙon bai canja ba. A shekarar ce kuma, wurin bikin wata 'yar maƙwabta, guɗar Inna ta karye a tsakiya ta koma tari. Mata suka yi ta tsokanarta wai tsufa ya zo karɓar kayansa. Ni da nake da ilmin abin, me na yi? Na ce sanyin Jos ne, na sayo zuma da citta da kanumfari na ajiye mata a bakin ƙofa. Duk ɗalibin da ya shigo ɗakin gwajinmu, a makon farko nake koya masa cewa dashewar murya tare da kumburin wuya ba abin wasa ba ne. Da bakina nake faɗa, har da buga tebur.

A shekara ta uku, ranar goma ga azumi, na isa shagon Malam Datti a gaggauce, ko sauka daga keke mai ƙafa uku ban so yi ba. Na miƙa masa atamfa da ledar na ce, “Baba, kamar kullum. Ta ce a ɗan buɗe wuyan.”

Bai karɓa da sauri ba. Ya tsayar da keken ɗinkinsa, ya sauke tabarau kan hanci ya dube ni.

“'Yar Alhaji, sallami mai keken nan ki shigo.”

“Baba, ana jirana a wurin aiki.”

“Su jira.”

Na shiga ina cika ina batsewa. Ya kwance ledar ya shimfiɗa rigar a kan teburinsa. Ita ce wadda ya ɗinka bara, shuɗiya mai zanen ganye.

“Kin taɓa buɗe ledar nan kafin ki kawo min?”

Na ce a'a.

“To duba. Ni tela ne, ban yi boko ba. Amma in mutum ya yi ƙiba, ko'ina yake yi. Ga hannu, kin ga ta kama shi da zare da allura, ya yi mata yawa. Ga ƙirji, shi ma ta rage. Mutum yana ramewa ke nan. To ga wuya.”

Ya ɗaga wuyan rigar. An tsaga shi da reza daga gaba, tsagar ta kai tsawon yatsa, an kuma bi bakin da ɗinkin hannu don kada ya zare.

“Bara waccan na ƙara inci ɗaya. Bara na ƙara ɗaya da rabi, ga shi bai ishe ta ba har ta sa reza. Tun bara na so in yi magana, sai na ce wa kaina, 'yarta ai likitar wuya ce, wane ni. Yau dai na kasa haɗiyewa. Me ke girma a wuyan matar nan?”

Ina tsaye ina kallon tsagar nan. Ban ma tsaya gyara masa cewa ni ba likita ba ce, abin da na saba yi da ɗan alfahari. Na bar atamfar a nan na fito na tare wani keken zuwa Katako.

Na tarar da Inna a ɗakinta tana jan carbi, da hijabinta har ƙasa kamar kullum in ta ji sallamata. Sai a ranar na tambayi kaina, yaushe rabon da in ga matar nan babu hijabi? Na kasa tunawa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da wata murya kamar ana jan buhu a kan siminti. Shekara talatin da takwas ban taɓa tambayarta komai kai tsaye ba, ban san ta inda ake farawa ba. Dole na juya wurin Goggo Ladi.

“Goggo, ki ce mata ina so in ga wuyanta.”

Goggo Ladi ta dubi yayarta. Inna ta juya fuskarta bango, sannan ta ce, “Ki ce mata ta yi abin da ya kawo ta.” Ta ɗage hijabin da kanta.

Ya kai girman lemun zaƙi, ya fi karkata hagu. Na ɗora yatsuna, karo na farko da na taɓa jikinta da wayona. Tauri gare shi kamar dutse. Na ce Goggo ta ce mata ta haɗiyi yawu. Maƙoƙo na gari yakan hau ya sauka in an haɗiya. Wannan ko motsi bai yi ba. A gefen wuyan kuma na ji wasu 'yan ƙullutai guda biyu. Na sauke mata hijabin a hankali na fita tsakar gida, don kada in yi kuka a gabanta in ƙara mata kunya.

Goggo Ladi ta biyo ni, ni kuwa na sauke mata duk haushina.

“Haba Goggo! Shekara nawa abin nan yana wuyanta kuna kallo? Ba ku da baki ne? In ita ba za ta faɗa ba, ke fa?”

“Ta hana ni. Ta ce kada in ɗaga miki hankali da baki, ke mai aiki ce. Mun sha jiƙe-jiƙe, mun shafa abin da aka ba mu.”

“Mahdi fa?”

“Ta buɗe wa ɗa namiji wuyanta? Kuma shi me ya sani a kai? Ke ce mai aikin.” Ta gyara ɗaurin zaninta ta dube ni ido cikin ido. “Kuma kada ki ce ba a gaya miki ba. Da na matsa mata, cewa ta yi, ‘Ai na aika mata. Aikinta ke nan, wuyan mutane take dubawa. In ta ji an ce a buɗe wuya, za ta gane.’ Shekarar farko da kika tafi da ledar nan, kwana bakwai tana sa a share ɗaki da sassafe, wai za ki dawo ki duba ta. Da ba ki zo ba ta ce wataƙila kin gani ba wani abu ba ne, tunda kin fi mu sani.”

Na ce, “Don Allah wane irin zance ne wannan? Mutum ya buɗe baki ya ce ba ni da lafiya, shi ne abin kunya?”

“Ke kin taɓa buɗe naki kin ce, Inna yaya jikinki?”

Ban taɓa ba kuwa. Gaisuwa nake yi, ta amsa da lafiya lau, in karɓa in sa aljihu.

Washegari muka kai ta asibiti. Aka yi hoto, aka sa allura aka zuƙo abin da za a auna. Da ma'aikaciyar ta kawo takardar neman izinin a ba ɗakin gwajinmu ragowar, na ce a bar shi, ba sai an tambaye ta ba. Inna ta ji. Ta ce wa Goggo Ladi, “In zai yi mata amfani a aikinta, a ba ta.” Ta dangwala yatsa.

Gilasan da ke zuwa mana ba su da suna, lamba ce kawai. Amma ni na rako wannan, na san lambarsa kamar yadda na san lambar wayata. Dakta Foluke ta gan ni ina jujjuya shi a hannu. Shekararta ashirin a Jos, har yau kowa “ka” ne a Hausarta, mace da namiji, kuma kullum sai na tsokane ta. Ranar ban iya ba.

“Zahra, abeg, kar ka duba wannan. Ba ni. Ka je ka zauna a ofis, ni zan duba.”

“Oga, ni zan duba.”

“Ka san rinin namu ba shi ne result ba. Ka jira na asibiti.”

“Na sani.”

Ta yi ajiyar zuciya ta ja kujera ta zauna kusa da ni. Na ɗiga rinin, muka jira minti ashirin ɗin da ake jira, na wanke, na ɗora gilashin a kan madubin. Ta tashi ta ja labule ta kashe fitila. Da rana tsaka ne, ana jin hayaniyar motocin Titin Bauchi ta taga. Na sa ido.

Shekara shida ina roƙon Allah ya nuna min rinin nan ya kama yadda muke so. Sau da yawa sai ka yi ta lalube kafin ka ga ɗan kore can a gefe, mu yi ta gardama ko shi ne ko ba shi ba ne. Ranar babu lalube. Gilashin gaba ɗaya ya kama, kore shar, ƙwaya kan ƙwaya. Ban taɓa ganin ya yi kyau haka ba, kuma na tsani kaina da na lura da kyan. Dakta Foluke ta leƙa ta nata gefen, sannan ta dafa kafaɗata ta ce, “Sorry, ƙanwata.” Bayan kwana biyar sakamakon asibiti ya fito, bai saɓa ba.

Likitan da zai yi aikin ya kira ni ofishinsa. Ya ce irin wannan sankarar tana da saurin jin magani in an kama ta da wuri, kuma yana sa ran Inna za ta rayu. Sai dai ciwon ya riga ya naɗe jijiyar da ke motsa murya ta hagu, ya fara taɓa ta dama. Zai yi iya ƙoƙarinsa, amma kada in sa rai da muryar.

Na tambaye shi abin da na riga na san amsarsa. “Da an zo shekara biyu da suka wuce fa?”

Ya dube ni, ya san aikina, ya san kuma na sani. Ya ce, “Hajiya, mu yi maganar abin da ke gabanmu.” Wannan kawaicin nasa ya fi zagi ciwo.

An yi aikin bayan Sallah da mako biyu. Awa biyar muna zaune a baranda ni da Goggo Ladi da Mahdi, wanda ya zo daga Lafiya yana ta tambayar yadda aka yi ban gani ba. Ban yi masa tsawa ba, ko da yake na saba. Inna ta tashi, ta warke, aka yi mata sauran maganin da ake yi, aka ɗora ta kan ƙwayar da za ta riƙa sha kowace safiya har ƙarshen rayuwarta. Ni nake kai mata, kuma yanzu kullum nake zuwa. Muryar dai ba ta dawo ba. Abin da ya rage iska ce kawai, sai ka kai kunne dab da bakinta, shi ma rabi ka ji rabi ka cika da kanka. An yi bukukuwa uku a layinmu tun daga nan. In an fara guɗa, Inna takan tashi ta shige ɗaki, kamar yadda ta yi ranar nawa.

Da azumin bana ya zo na sayo atamfa, na kuma biya ta shagon Malam Datti na ari tef. Ya ba ni bai tambaye ni dalili ba. Na isa gida da hantsi, Goggo Ladi na wanki a tsakar gida, ta ce bari ta ɗauko ledar. Na ce ta bar shi. Na shiga ɗakin ni kaɗai, na durƙusa, na ce, “Inna, yaya jikinki? Na zo in gwada ki.” Da ita na yi maganar, ba da bango ba, ba da Goggo ba.

Ta dubi tef ɗin, ta dube ni. Ban san idanunta sun fara fari-fari a gefe ba sai ranar. Ta cire hijabin ta ninke ta ajiye. Na auna hannu, na auna kafaɗa, ina rubutawa a bayan takardar magani. Da na zo wuya na zagaya tef ɗin a hankali saboda tabon, wanda ya tashi daga wannan gefe zuwa wancan. Fuskata na dab da tata. Sai na ji ta riƙe min hannu.

Leɓunanta suka fara motsi. Na kai kunne, ban ji komai ba sai iska mai ɗumi. Na ɗago na kalli bakin, ta sake, a hankali, tana ƙoƙari har jijiyar goshinta ta tashi. Kalma ɗaya ce, doguwa. Ta fara da haɗa leɓe, harshe ya taɓa haƙori, leɓe suka sake haɗuwa, ta ja ta har ƙarshe ba ta gutsure ko'ina ba. A gidanmu babu kalma mai tsawon nan sai guda ɗaya, wadda liman ya raɗa min a kunne ranar suna.

Shekara talatin da tara ina jiran in ji ta a bakin nan. Da na buɗe leda ɗaya shekara uku da suka wuce, da wataƙila na ji ta da muryar da ke keta ƙarar injin Katako. Na sa kunnena a bakinta na ce ta ƙara, ta ƙara, ban ji ba. Na ce mata na ji.

Goggo Ladi ta ɗaga labule da kumfa a hannunta, ta gan mu a haka. Inna ta yi maza ta saki hannuna ta jawo hijabinta, ta juya fuska bango.

“Me take cewa?” in ji Goggo.

Na naɗe tef ɗin na share fuskata da bakin mayafi. Na ce, “Cewa ta yi a bar wuyan yadda yake.”